Renon madron da tazargade a lambu ɗaya

Masu sayar da tsirrai sukan sa bishiyar madron da tazargade a rukuni ɗaya, wato tsirran da ke jure fari kuma ba su damu da ƙasa mai taki ba, kuma a kan haka na shuka su biyun a wani lambu mai gangare da nake kula da shi a yankin gabar Tekun Fasifik ta Arewacin Amurka. Gaskiya ne dukkansu suna son rana, kuma dukkansu ba sa shiri da ƙasar da ruwa ke kwanciya a cikinta, amma iyakar kamarsu ke nan. Shekarun da na yi ina renonsu sun nuna mini cewa yawan sa hannun da tazargade yake bukata shi ne abin da madron ba ta iya ɗauka.

Madron, wadda masana ke kira Arbutus menziesii, 'yar asalin wannan gaba ce, daga kudancin Biritish Kolombiya a Kanada har zuwa Kalifoniya. An sa mata sunan Archibald Menzies, likita kuma masanin tsirrai ɗan Sikotilan wanda ya gan ta a 1792 lokacin da yake cikin tawagar jirgin ruwan George Vancouver. Ganyenta mai faɗi ne, mai kauri da sheƙi, kuma ba ta zama tsirara a hunturu kamar yawancin bishiyoyi masu faɗin ganye na yankin. Idan wuri ya karɓe ta takan kai mita 10 zuwa 25, wani lokaci har ta haura, saboda haka duk wanda zai haƙa mata rami ya kamata ya fara ɗaga kai ya duba wayoyin lantarki da rufin gida kafin ya duba ƙasa.

Wahalarta tana farawa ne tun daga dashe. Dattijon da na sayi tsiron a gandunsa ya hana ni ɗaukar babba, ya miƙo mini wani ɗan ƙarami da bai kai tsawon kamu ɗaya ba, ya ce saiwar madron ba ta yafe wa wanda ya taɓa ta. Dalilin maganarsa a fili yake ga wanda ya zare tsiron daga tukunya ya duba: saiwoyin sirara ne ƙwarai, masu saurin tsinkewa, kuma rayuwarsu ta dogara da wani naman gwari na cikin ƙasa da ke manne musu yana taimaka musu wajen jan ruwa da abinci. Na zaɓi wuri mafi tudu a gangaren, inda ƙasar take da tsakuwa, na haƙa rami daidai zurfin tukunyar, na sauke tsiron da ƙasarsa ba tare da na warware saiwar ba, ban kuma zuba taki ko kaɗan ba. Abin da na ƙara kawai shi ne ɓarzajjen ɓawon itace da na shimfiɗa kewaye da shi, na bar tazara tsakaninsa da gindin domin kada danshi ya zauna a jikin karan.

Batun ban ruwa shi ne inda na fi ganin mutane suna rasa wannan bishiya. A ƙasarta ta asali ruwan sama yana zuba ne a watannin sanyi, sannan daga Yuli zuwa Satumba ƙasa ta bushe ƙamas, kuma a kan wannan tsari jikinta ya ginu. Idan aka haɗa mata zafi da jiƙaƙƙiyar ƙasa, wata ƙwayar cuta mai kama da naman gwari da ake kira Phytophthora takan samu ƙofa ta ruɓar da saiwa, kuma kafin ganye ya nuna alama aikin gama ya riga ya gama. Na ga haka da idona a wani gida da ke kusa, inda wata babbar madron da ta girmi ginin kansa ta fara bushewa reshe bayan reshe, bayan da aka shimfiɗa koriyar ciyawa a ƙarƙashinta aka kafa na'urar fesa ruwa mai tashi kowace safiya. Abin ya dame ni matuƙa, domin bishiyar ta tsallake fari na shekaru masu yawa, kuma masu gidan da kyakkyawar niyya suka yi. Tawa kuwa, a shekarunta na farko nakan shayar da ita sosai amma jefi-jefi a tsakiyar zafi, in bari ƙasa ta bushe kafin in sake, kuma da ta kafu sai na janye hannu gaba ɗaya.

Akwai wani hali nata da yake tayar da hankalin wanda bai sani ba. A tsakiyar lokacin zafi, bayan sabon ganye ya gama fitowa, tsohon ganyen bara yakan yi rawaya ya zube, a daidai lokacin da jan ɓawon jikinta yake tsagewa yana naɗewa kamar takardar da ta sha rana. Idan ka kai hannu ƙarƙashin ɓawon da ya ɗago za ka tarar da sabuwar fata kore shar, mai santsi da sanyi ko da rana ta take, wadda a hankali take rinewa ta koma ja. Wannan duka alamar lafiya ce, kuma babban haɗari shi ne mai lambu ya ɗauka ƙishirwa ce ya jawo tiyo. Sai dai a san cewa sharar ganye da ɓawo tana da yawa, don haka ba bishiyar da za a kafa a bakin ƙofa ko kan daɓe ba ce. Ladan haƙurin yana zuwa a Afrilu da Mayu da gungun fararen furanni ƙanana da ƙudan zuma ke rububi, sannan a ƙarshen shekara da jajayen 'ya'ya da tsuntsaye ke cinyewa.

Tazargaden da nake magana a kansa shi ne Artemisia absinthium, ɗan asalin Turai da Asiya da Arewacin Afirka, kuma ba shi ne Artemisia annua da ake samo maganin zazzaɓin cizon sauro daga gare shi ba, ko da yake danginsu ɗaya. Shi ba bishiya ba ne, tsiro ne mai itacen gindi da ba ya wuce mita ɗaya da 'yan kai, kuma kama ƙasa ba ya ba shi wuya ko ta iri, ko ta yankan reshe, ko ta raba gindi. A cikin shekara guda ya cika wurin da na ba shi da ganye mai launin azurfa, wanda wasu ƙananan gasu masu laushi da suka lulluɓe shi suke ba shi wannan launi.

Aikinsa na takaitawa ne. A farkon shekara, da zarar toho ya leƙo daga gindi, nakan datse tsofaffin rassa in bar kamar tsawon taƙi ɗaya, domin in an bar shi yakan yi tsayi ya buɗe a tsakiya ya kwanta. Ƙasa mai taki da yawan ruwa suna sa shi yin haka da wuri, su kuma dusashe hasken ganyen. Bayan 'yan shekaru nakan tono shi da shebur in raba gindin in mayar da ɓangaren da ya fi ƙarfi, abin da ba zan taɓa kusantar madron da shi ba. Mafi muhimmanci shi ne yanke kan furen kafin iri ya nuna, saboda irinsa ƙanana ne masu yawan gaske kuma suna tsirowa a duk inda aka tayar da ƙasa. A jihohin Amurka irin su Kolorado da Dakota ta Arewa hukuma ta sa shi cikin jerin miyagun ciyayi saboda yadda yake mamaye makiyaya, don haka wajibi ne mutum ya bincika dokar yankinsa kafin ya shuka.

Ɗacinsa kuma ba na wasa ba ne. Idan na datse shi ba safar hannu, ɗacin yakan zauna a yatsuna ko bayan na wanke da sabulu, shi ya sa barewa da zomo suke kauce masa, alhali ƙaramar madron sai da na kewaye ta da ragar waya saboda barewa. Ganyen yana ɗauke da sinadarin tujon, wanda yawansa ke cutar da jijiyoyi, kuma a kan zarginsa ne Faransa ta haramta barasar da ake yi da wannan tsiro a 1915, don haka ban ɗauke shi abin sha ko magani ba, ado ne kawai a wurina. Sinadaran da ruwa ke wankowa daga ganyensa zuwa ƙasa suna tauye wasu tsirran da ke kusa, kuma na lura ƙananan furannin da ke gefensa ba su taɓa yin ƙarfin 'yan'uwansu na nesa ba.

Wannan ne ya sa na ajiye tazargaden a can ƙasan gangaren, inda ruwan da ya wanke shi ba zai bi ta kan saiwar madron ba, inda kuma tonon da nake yi masa ba zai kai ga ƙasar da take shimfiɗa saiwarta ba. Shi ina iya ɗage shi in canja masa wuri duk shekarar da na ga dama, kuma ko ya mutu, reshe ɗaya ya isa ya maye gurbinsa. Ita kuwa ba na yanke mata komai sai busasshen reshe, shi ma sai a lokacin rani domin kada cuta ta shiga ta raunin, kuma ko da ta karkata wajen neman rana, kamar yadda madron ta saba yi, ba na ɗaure ta da sanda don in miƙar da ita.