Abin da aikin tafinta ya koya min game da ƙwaya

Shekara biyu na yi ina yi wa likita tafinta a wani sashen kula da masu shaye-shaye a Jidda. Ana kirana duk lokacin da aka kawo Bahaushen da Larabcinsa bai nuna ba. Na shiga aikin da tunanin da na taso da shi, cewa ɗan ƙwaya lalatacce ne, in ya ga dama yau ma zai daina.

Wanda ya fara girgiza min wannan tunani wani dattijon direba ne mai jigilar alhazai tsakanin Makka da Madina, tafiyar da ta haura kilomita 400. Abokin aikinsa ne ya miƙa masa Captagon don kada barci ya sace shi a kan sitiyari. Likita ya ce a shekarar 1961 aka fara haɗa wannan ƙwaya a Jamus a matsayin magani, amma wadda ke yawo yanzu jabu ce, galibi amfetamin da kafeyin, sinadarin da ke cikin kofi. Tana daga cikin masu zaburar da jiki, ita da shabu, wato metamfetamin, ɗan'uwan amfetamin. Tana sa ƙwaƙwalwa ta tumbatsa da dofamin, sinadarin da ke sa mutum jin daɗi da karsashi. Da abin ya yi yawa, sai ƙwaƙwalwa ta rage karɓarsa, ƙwaya ɗaya ta daina isa, a koma biyu, a koma uku. Baba ya dube ni, hannunsa na rawa a kan gwiwa, ya ce, "Ɗana, yanzu ba don daɗi nake sha ba, don in iya tashi ne." Da ƙyar na iya mayar da maganar Larabci.

Sauran na san su a hankali: masu kashe zafi kamar tiramadol da kodin, da wiwi da ke jirkita yadda mutum ke ji da gani, da masu kwantar da jiki irin su Valium.

A kan Valium ɗin ne na gane jiki ya saba da magani daban, jaraba daban. Wata Hajiya ta fara shansa bayan rasuwar maigidanta don ta samu barci. Ba ta taɓa ƙara adadi ba, ba ta taɓa ɓoyewa ba, jikinta ne kawai ya saba. 'Ya'yanta da suka gano, kunya ta kama su, suka kwashe ƙwayoyin suka zubar a masai. Kwana uku bayan haka aka kawo ta tana jijjiga kamar mai farfaɗiya. Irin wannan magani ba a yanke shi farat ɗaya, likita ne ke rage shi kaɗan kaɗan cikin makonni.

Babban ɗanta ya riƙe hannuna a bakin ƙofa yana cewa, "Malam, wallahi taimakonta muka yi niyya." Na yarda da shi, don da uwata ce a wancan lokacin, abin da zan yi ke nan.