Talata: tayil ya fashe, amma ciwon yana ƙasa

Hajiya ta kira ni ne don in canza mata tayil biyu da suka tsage a falo, in kuma duba abin da ya sa ruwa ke kwanciya a ban ɗaki. A ganinta aikin rabin yini ne. Da na isa da safe ni da yarona, ban bari ya sauke kayan aiki ba sai da na ɗauki ƙotar guduma na bi falon ina ƙwanƙwasa tayil ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya zauna daram, ƙararsa gajeriya ce, a toshe. Wanda ƙasansa holoƙo ne kuwa amsawa yake kamar ganga. Duk wanda ya amsa, yaron ya sa masa alama da alli. Kafin mu kai bakin ƙofa, alli ya ci kusan rabin falon.

Hajiya na tsaye tana kallo. Ta ce, "Malam, ai waɗannan lafiyarsu ƙalau, ko tsaga babu." Na ce, "Hajiya, bari in ɗaga miki guda ɗaya ki gani da idonki."

Cire tayil a tsakiyar 'yan'uwansa sai da lallaɓawa. Na fara kankare simintin da ke tsakaninsa da maƙwabtansa har ƙasa, don kada bugun ya ratsa ya fasa na gefe. Sannan na huda tsakiyarsa, na sa cizal daga nan ina fita zuwa baki. Mai gaggawa yakan fara daga gefe, ya wayi gari ya fasa uku a wajen ceton ɗaya. Da ya ɗago, sai ga abin da na zata: curi biyar na gam ɗin manna tayil, huɗu a kusurwoyi, ɗaya a tsakiya, sauran wurin duk iska. Wannan aiki yana ɓata min rai ƙwarai, domin wanda ya yi shi ya san abin da yake yi. Ya rage gam, ya gama da wuri, ya bar mai gida da ƙasan da ƙafar kujera kaɗai ta isa ta fasa. Ƙa'idar aikin ita ce gam ya kama aƙalla kashi 80 cikin 100 na bayan tayil a busasshen wuri, a wurin ruwa kuma kashi 95. Wannan ko kashi 30 ban ga ya kai ba.

Akwai matsala ta biyu. Tayil ɗin fosilin ne, irin wanda ruwan da yake sha bai kai rabin kashi ɗaya cikin 100 ba. Tun da ba ya shan ruwa, ba ya riƙe kwaɓi da sauƙi, sai an shafa gam a ƙasa da cokali mai haƙora, a ja layuka miƙaƙƙu a nufi gefe guda, a kuma shafa siririn gam a bayan tayil ɗin kansa, sannan a danna a ɗan goga shi gaba da baya har layukan su kwanta iska ta fita. Na nuna wa yaron bayan wanda muka cire, tas da shi kamar yanzu aka fito da shi daga kwali. Ko dai ba a danna shi ba, ko gam ɗin ya riga ya yi fata kafin a ɗora. Yawancin gam minti 20 zuwa 30 yake bayarwa bayan an shimfiɗa, iska da zafi kuma suna rage wannan.

A jikin bango ma an manne tayil ƙam, babu ko ɗan sarari. Tayil da daɓe kowanne yana motsi da zafi da sanyi, kuma ba tare suke motsin ba. Idan ba a bar kamar milimita 6 a kewaye ba, wata rana sai tsakiyar ɗaki ya tashi ya yi tozo. Wannan dai gyaransa da sauƙi, injin yanka ne zai bi gefen. Na hana yaron yanka a bushe ba tare da ya rufe hanci da baki ba, domin ƙurar nan tana cin huhu a hankali, kuma ba ta fita.

Ban ɗakin ne ya cinye mana yamma. Na zuba bokitin ruwa a tsakiya, muka tsaya muna kallo. Ruwan ya juya wa makwarara baya ya tafi kusurwar bayan ƙofa ya kwanta. Da na ɗora ma'auni, gangaren ya karkata ne zuwa inda bai kamata ba. Ana son ƙasa ta sauka kamar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita zuwa bakin makwarara, kuma a daɓe ake fitar da wannan, ba a tara gam a ƙarƙashin tayil don a cike gibi. Na zagaya bayan bangon, fenti ya kumbura yana ɓarewa daga ƙasa. Muka ɗaga tayil na kusurwar, daɓen jiƙe sharkaf, babu alamar an taɓa shafa abin hana ruwa. Mutane da yawa sun ɗauka tayil da simintin tsakaninsa suna tare ruwa. Simintin nan yana tsotsar ruwa, abin da ke ƙarƙashi ne ke kare gini.

Nan ne magana ta yi nauyi. Hajiya ta ce, "Yanzu ba yadda za a yi a lallaɓa, Malam? Na gaji da ƙura a gidan nan." Na tausaya mata, don ta biya kuɗin aikin nan sau ɗaya cikakke. Amma na gaya mata gaskiya: falo za a iya ceton wanda ya zauna a sake wanda ya amsa, ban ɗaki kuwa sai an kwashe shi duka. A sake daɓe da gangarensa, a bar shi ya bushe, daɓen siminti da yashi yana son aƙalla mako 3. Sannan a shafa abin hana ruwa har ya hau bango, a toshe makwarara a tara ruwa na awa 24 a ga ko ya ragu, kafin tayil ɗaya ya sauka. Kusurwoyi kuma silikon za a sa, don siminti tsagewa yake a inda bango ya haɗu da ƙasa. Ta yi shiru jim, ta ce, "To, a yi shi yadda ya dace."

Saura matsalar kala. Ragowar tayil ɗin falon kwali ɗaya ne kacal, ba zai isa ba, shi ya sa nake roƙon mutane su riƙa sayen ƙarin kashi 10 tun farko. Ko an samu samfurin a kasuwa, idan lambar da ke jikin kwali, mai nuna rukunin da aka gasa tare, ta bambanta, launin yakan ɗan saɓa, wani lokaci har girman. Na ɗauki hoton lambar, gobe zan fara nemanta. In ba a dace ba, za mu ɗago lafiyayyun da ke ƙarƙashin manyan kujeru mu kawo su tsakiya, sababbin su koma can. Yaron zai fara fasa ban ɗakin da sassafe, na ce masa ya cusa tsumma a makwarara tukuna kada ɓaraguzai su toshe bututun.