Kwana biyu a Val Marie

Daga birnin Swift Current zuwa Val Marie tafiyar kusan kilomita 120 ce a kan hanya mai lamba 4, kuma tun da na fara zama a lardin Saskatchewan na ƙasar Kanada ban taɓa bin hanyar da babu kowa a kanta kamar wannan ba. Ciyawa ce iya ganin ido, sai shanu jefi-jefi, sai iska mai kaɗa mota. Abin da ya fara sanar da ni cewa na iso shi ne dogon rumbun hatsi na katako da aka gina a 1927, wanda ake hangowa tun kafin a ga rufin gida ko ɗaya.

Masu jin Faransanci ne suka kafa ƙauyen a 1910 a kwarin kogin Frenchman, tare da wani limamin cocin Katolika. Abin da ya jawo irinsu wannan yanki shi ne dokar filaye ta 1872, wadda ta ba mutum eka 160 a kan dala 10 kacal, muddin zai zauna ya noma wurin har shekara uku. Sai dai ƙasar ba ta da ruwa sosai, kuma farin da aka yi a shekarun 1930 ya kori iyalai da yawa daga kudancin lardin. Hukumar da gwamnatin tarayya ta kafa a 1935 domin farfaɗo da gonaki ita ce ta datse kogin aka samu noman rani da ciyawar dabbobi, wanda hakan ya taimaka wa waɗanda suka daure suka zauna. Yau mutanen ƙauyen ba su kai 150 ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ba su yarda ginin da aikinsa ya ƙare ya ruɓe a banza ba. Rumbun nan ya daɗe da daina karɓar alkama, amma mutanen gari suka haɗa kai suka gyara shi domin baƙi su shiga su ga yadda kakanninsu suke auna hatsi. Tsohuwar makarantar jan bulo ta koma gidan tarihi da wurin shan kofi, inda na zauna kusa da wasu dattawa biyu sanye da manyan huluna suna ta lissafin ruwan saman da aka samu a bana da farashin maruƙa, hirar da duk wanda ya tashi cikin manoma zai gane ko da bai ji harshen ba. Gidan da mata masu hidimar coci suka zauna a da ya zama masauki. A ƙauyuka irin wannan har 'yan kwana-kwana 'yan sa kai ne, manoma da makiyaya da ke barin aikinsu idan gobara ta kama ciyawa, kuma ban ga abin da zan kira wannan da shi ba illa gayya. Filin wasan ƙanƙara ma abin alfaharinsu ne, domin a nan Bryan Trottier, shahararren ɗan wasan hoki na kan ƙanƙara, ya tashi, wanda ya ci kofin Stanley, babban kofin wannan wasa, sau huɗu a jere da ƙungiyar New York Islanders daga 1980 zuwa 1983.

Gandun dajin Grasslands da ke kusa, wanda aka kafa a 1981, shi ne ya buɗe wa ƙauyen sabuwar hanyar samu. A ƙarshen 2005 aka dawo da baunan Amurka wurin bayan sama da shekara ɗari da ƙarewarsu a yankin, kuma masu yawon buɗe ido suna zuwa lokacin zafi domin su gan su, su kuma kalli taurari a sararin da babu hasken lantarki.

Duk da haka, akwai abin da haɗin kai ba ya iya magancewa, wato nisa. Saskatchewan, lardin da ya fara kawo tsarin kula da lafiya na gwamnati ga kowa a Kanada a 1962, shi ne kuma ya rufe ko ya rage matsayin asibitocin karkara 52 a 1993, sannan a 2017 aka rufe kamfanin motocin safa na lardin baki ɗaya. A ganina tsofaffi ne wannan ya fi shafa, domin tsohuwar da idonta ya yi rauni har ta daina tuƙi, idan tana da ganin likita a Swift Current, dole ta nemi maƙwabcin da zai bar gonarsa yini guda ya kai ta ya dawo da ita, a lardin da sanyin hunturu kan kai digiri 30 ƙasa da sifili.