Abin da awaki suka koya mini a gonar gado

Shekara shida ke nan da aka raba mana gado, na samu gona mai kamar eka uku a bayan garinmu, a ƙasar Katsina. Ina koyarwa a firamare, albashi kuma ba ya kai ni ƙarshen wata, sai na yanke shawarar in ware eka ɗaya in yi kiwo a ciki. Na fara da jajayen awaki biyar da bunsuru, da tumaki 'yankasa huɗu. Kuɗin da ya rage a hannuna kaf na zuba shi a shinge: waya mai ƙaya layi huɗu, da sandunan darbejiya da na sa aka saro mini. Ran da aka gama ɗaurewa na tsaya ina kallo, raina fari tas, ina ganin aiki ya ƙare.

Kafin shekara ta zagayo gara ta cinye gindin sandunan. Daga nesa suna tsaye, in ka taɓa sai ka ji suna rawa. Wani dattijo ya ce da ƙirya na samu da ban sha wannan wahala ba, don gara ba ta iya mata da sauƙi, amma ina ƙiryar take yanzu a dajinmu? An sare ta an yi turmi da gawayi. Daga baya na koyi babbake gindin sanda a shafe shi da baƙin mai kafin a kafa. Yana taimakawa, ba ya hanawa gaba ɗaya. Ita kuwa akuya ba ruwanta da tsayin waya, ƙasa take bi. Inda ruwa ya ɗan zaizaye ƙasa ko da taƙi ɗaya ne, nan za ta kwantar da kai ta sulale, sauran su bi ta a jere.

A daminar farko, cikin watan Satumba, ina aji wani yaro ya zo a guje ya ce awakina suna cikin waken maƙwabcina. Dattijo ne, abokin mahaifina. Na iske shi tsaye a bakin gona ya riga ya kore su, waken da ke cikin fure an aske masa kai kusan kunya goma. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, a yi haƙuri, a kira mai unguwa a ƙiyasta ɓarnar in biya." Bai tanka wannan ba. Ya ce, "Malam, taso mu je in ga inda kake ajiye su."

Muka shiga cikin shingen. Sai a lokacin na kalli wurin da idon basira. Damina ba ta ƙare ba, ko'ina kore shar, amma ekata ɗaya ta koma fili fetal, ba komai sai tafasa da ƙarangiya da dabbobin suka ƙi. Ya sa sandarsa ya tona ƙasa, ya nuna mini kututturen gamba da aka cinye har saiwa. Ya ce, "Ɗana, kai ka kwana da yunwa, ga tuwo a bayan zana kana jin ƙamshi, zanar za ta tsare ka?" Kuɗi bai karɓa ba. Ya ce in rani ya yi in kai masa takin garken mangala goma. Na kai masa goma sha biyar, har yau kuma duk shekara ina kaiwa.

Tun daga ranar na daina fara lissafi da yawan dabbobi, na koma farawa da abin da za su ci. Na raba ekar gida uku da darnin kara. In suna cikin ɗaya, biyu na hutawa, ba na mayar da su wuri sai ciyawa ta kai gwiwa. Gamba na sake dasawa daga saiwa da na haƙo a bakin fadama, kyasuwa da harkiya kuwa da kansu suka dawo da aka ba ƙasar sarari. Farkon damina shi ne lokacin da ya fi wuya, don dabba ta gaji da busasshen abinci, kai ma ka gaji da saye, ga ɗanyar ciyawa ta leƙo. In ka sake su a wannan makon, sun cinye maka ciyawar wata uku tun tana jaririya, ga zawo da kumburin ciki. Turke ya fi, a yanko musu kaɗan kaɗan a haɗa da busasshe. Haka kuma ba na fitar da su da sassafe sai raɓa ta bushe, saboda wani malamin dabbobi ya bayyana mini cewa 'ya'yan tsutsar ciki suna hawowa kan ciyawa ne lokacin da take da danshi.

Akwai hasarar da har yanzu take min ciwo. Bayan an girbe dawa aka yi wani ruwa na ƙarshe, kututturen ya sake tofowa. Na ga kore, na saki tumaki a ciki. Kafin la'asar babbar tunkiyata, mai ciki, ta kwanta tana numfashi sama sama, jiki na ɓari, da ƙyar aka samu sa mata wuƙa. Gyauron dawa yana da guba in yana ƙarami, kowane tsohon makiyayi ya san haka. Tambaya ɗaya da na yi da ta tsira.

Maganar harawa kuwa, nan ne ribar kiwon take ko faɗuwarsa. Harawar wake da ta gyaɗa a cire su tun ganyen bai kakkaɓe ba, a ɗaure dami dami, a ɗora bisa rumfa inda gara da ruwa ba za su taɓa ba. Karmami ma ina tarawa, da ƙowa, da 'ya'yan gawo da yara ke tsinto mini da rani. Wanda bai tara da kaka ba, da bazara zai sayi dami ɗaya a kan kuɗin da zai sayi da yawa a watan Nuwamba, ko ya kai dabba kasuwa a rame a saya yadda aka ga dama. Yanzu da an gama kaka nakan ƙirga yawan damin harawar da na tara, in raba su da watannin da suka rage kafin ciyawa ta kama. In lissafin bai kai ba, rago ɗaya ko biyu za su tafi kasuwa tun suna da kyan gani. Sayarwar tana da zafi a rai, musamman wanda ka gani tun ranar haihuwarsa, amma na fi jure wannan da in ga haƙarƙarinsu a waje.

Shingen ma ban bar shi ba, sai dai na sauya masa hanya. Baba, maƙwabcin nan nawa, shi ne ya ba ni rassan itacen dashi daga nasa shingen, ya ce in kafa su da bazara kafin ruwa ya sauka, kusa da kusa, kada in ba su ruwa. Na ɗauka busassun itace kawai nake binnewa. Da ruwa ya zauna sai ga ganye ƙanana suna fitowa a jikinsu. Itacen da ke da rai gara ba ta cika damunsa ba, masu kwance waya da dare su kai wa 'yan gwangwan ma ba abin da za su ɗauka. Ƙasan kuma nakan toshe da ƙayar bagaruwa, in hunturu ya shigo in share ciyawar gefe taku uku, saboda yara masu farautar gafiya suna cinna wa daji wuta, busasshiyar ƙaya kuwa ba ta jira.

Ɓangare uku na gonar dashi ya haɗe yanzu, har tsuntsaye na sheƙa a ciki. Saura ta arewa, wajen burtali, inda tsohuwar wayar take har yau. Baba ya ce in zo bayan sallah mu sari na bana.