Ni da eriyar da ke kan rufin gidanmu a unguwar Nima, Accra

Rediyon farko da na haɗa da hannuna ko batir ba ya ci, kuma har yau in na faɗa ma yaran unguwa sai su ce Baba ka fara ko. Shekarar 1983 ne, shekarar yunwa da gobarar daji, lokacin da aka koro mutanenmu daga Najeriya, batir ya yi wuya har kakana yana shanya nashi a rana wai ya ƙara ƙarfi don kar labaran BBC su wuce shi. Ina ɗan shekara sha biyar ina koyon gyara wajen wani dattijo, shi ya ba ni dayod, ɗan abin da ke fitar da murya daga sigina, guda ɗaya irin na jamaniyam da abin sa wa a kunne, ya ce je ka nemo waya. Na warware wayar tagulla daga mataccen tiransifoma na naɗa a jikin gora, na ciro kondensa mai juyawa daga wani tsohon akwati, na miƙa waya daga tagarmu zuwa bishiyar maƙwabta, shiru. Kwana uku ina ta juyawa ba ko tari.

Na koma na ce Maigida abin nan bai yi ba. Bai ko ɗago kai ba ya ce ina wayar ƙasa? Ashe rabin aikin na yi. Na buga guntun ƙarfe a bayan ɗaki inda ake zubar da ruwan alwala, wurin kullum a jiƙe yake, na ɗaura waya, na rage naɗin, sai ga murya siririya kamar sauro, GBC ne, gidan rediyon Gana, a kan gajeren zango mita 60. Wallahi ihun da na yi sai da Mma ta fito da gudu tana zaton maciji ne.

Daga nan fa cuta ta kama ni. Duk kuɗin da na samu Zongo Lane yake ƙarewa, layin masu sayar da kayan lantarki, ka shiga motar trotro ka sauka cikin gari ka bi shago shago kana neman tiransisto ɗaya, wanda babu kuma sai jujin Agbogbloshie cikin hayaƙi kana tonon tsofaffin talabijin, kafin a rushe wurin a 2021. Can na koyi cewa kondensar tsohuwar talabijin tana riƙe wuta ko an cire ta daga soket, ta ba ni shokin ɗin da hannuna ya kwana yana rawa. Yanzu ko jikana zai taɓa abu sai ya sauke wutar tukuna ina tsaye a kansa.

Sauraro daban, magana daban. Na yi shekaru ina kama Kaduna da Jamus da Amurka da dare, amma ranar da na ji wasu mutum biyu suna hira a mita 20, ba tasha ba ce, mutane ne kawai daga ɗakunansu, na ce nima sai na shiga. Wannan kam sai da lasisi, a nan Gana hukumar sadarwa ta NCA ke bayarwa, kuma kowace ƙasa da harafinta, mu 9G, Najeriya 5N, Nijar 5U, Togo 5V. Daɗin abin shi ne mu ba mu da yawa a iska, to da ka kira da 9G sai Turawa su yi maka caa kowa na son ya rubuta Gana a littafinsa, har ka rasa wa za ka amsa.

Inda na yi asarar kuɗi shi ne da na ɗauka akwati mai tsada ne maganin komai. Na tara na sayi na hannu daga wani da ya dawo daga Ingila, na jona shi da wata waya da na jefa kan kwano haka nan, ba wanda ya ji ni, ƙarshe ma na ƙona tiransiston fitarwa saboda ƙarfin yana dawowa cikin akwatin. Sai da na zauna na auna, mita 20 kowane hannu na eriya wajen mita biyar ne, mita 40 kuma wajen goma goma, na yanka daidai na ɗaga sama da gora biyu, da ɗan ƙaramin da na haɗa da kaina mai wat biyar na yi magana da Burazil. Teku ne kawai tsakaninmu ai. Amma tekun nan yana da nashi sharrin, iskar gishiri tana cin mahaɗar waya, duk bayan damina sai na hau na kankare na sake ɗora dalma. Kuma da hadari ya taso nake cire eriya, ba na jira.

Abin da zai ba ku dariya, lokacin dumsor, wato yawan ɗauke wuta, wajen 2015 kowa na zagi ni kuwa a ɓoye murna nake. Unguwar Nima yanzu cike take da cajar waya da ƙwan LED masu araha, duk suna zuba ƙara a iska, shuuu kawai kake ji. Da an ɗauke wuta sai iska ta yi tsit, in jona batirin mota in ji tashoshin da na shekara ban ji ba, har sai masu janareto sun tada nasu. Hajiya ta gane, in wuta ta tafi sai ta ce to Alhaji an ba ka naka, a tafi wajen kishiyata.

Satin da ya wuce jikana ya kawo dayod daga cikin caja wai zai yi irin nawa na 1983. Na ce na silikon ne wannan, sai wuta ta kai wajen volt 0.6 kafin ya buɗe, siginar ba ta da wannan ƙarfin, jamaniyam ake nema. Akwai guda biyu da na ɓoye a gwangwanin madara tun tuni, na ba shi ɗaya, ɗayan kuma ko ya yi kuka ba zai gani ba.