Kafin Ku Ja Kunama a Kan Barewa

Ƙannena masu sha'awar farautar barewa, akwai wani zato da yake shiga zuciyar kusan duk wanda ya fara riƙe bindiga mai watsa ƙwayoyin dalma, wato tunda ƙwayoyin suna bazuwa idan sun fita, ba sai mutum ya wahalar da kansa wajen saiti ba, ko ta yaya ɗaya za ta samu dabbar. Na daɗe da wannan zato a raina, kuma ba ni na sha wahalarsa ba, dabbobin da na raunata ne suka sha. Gaskiya ne ƙwaya ɗaya tana iya samun barewa, amma idan a cinya ko a ciki ta same ta, sai ta gudu da raunin, ta je ta mutu a inda ba wanda zai amfana da namanta.

Ku fara da sanin abin da ke cikin harsashinku. A bindiga mai lamba 12, wato lambar da ke nuna faɗin bututunta, harsashin da ake rubuta wa 00 a jikinsa yawanci ƙwayoyi 9 yake ɗauke da su, kowace ɗaya faɗinta ya ɗan haura milimita 8. Idan bakin bindigar ba matsattse ba ne, ƙwayoyin sukan buɗe da kimanin santimita 2 zuwa 3 a kowace mita ɗaya da suka yi, don haka kafin su kai mita 40 sun bazu a fili mai faɗin kusan mita guda. Wurin da zuciya da huhun barewa suke kuwa bai wuce faɗin farantin cin abinci ba, wajen santimita 20. Ku yi lissafin da kanku, za ku ga cewa a wannan tazara ƙwaya ɗaya ce za ta shiga inda ake so, ko ma ba ko ɗaya, sauran kuma su watsu a ƙafafu da ciki da iska. Ga shi kuma ƙwaya mai siffar ƙwallo tana saurin rasa ƙarfi a hanya. Shi ya sa gogaggun maharba ba sa yarda su wuce mita 30 ko makamancin haka da irin wannan harsashi.

Akwai kuma harsashi mai curin dalma guda ɗaya, mai nauyin kimanin giram 28, irin wanda Wilhelm Brenneke ya ƙera a Jamus a shekarar 1898. Shi yana kai wa mita 50 zuwa 70 da daidaito a bututu mai santsin ciki, yana kuma iya wuce mita 100 a bututu mai murɗaɗɗen zane a cikinsa, amma idan ya kuskure yana tafiya mai nisa da ƙarfinsa, saboda haka dole ne ku san abin da ke bayan dabbar kafin ku harba.

Duk waɗannan alƙaluma jagora ne kawai, domin kowace bindiga da halinta. Ku sami babban kwali, ku zana da'ira mai faɗin santimita 20 a tsakiyarsa, ku kafa shi a gaban tudun ƙasa, ku harbe shi daga mita 15, sannan 25, sannan 35, da ainihin harsashin da za ku shiga daji da shi, kuna ƙirga ramukan da suka faɗa cikin da'irar. Tazarar da ramukan suka fara ƙaranci ita ce iyakarku, kuma kada ku tsallake ta ko da barewar ta cika muku ido. Ni ban yi wannan gwaji ba sai bayan na ɓata shekaru, kuma a ranar ne na gano cewa bindigata sama da hagu take jefa ƙwayoyinta, alhali ni ina ta ɗora laifin a kan iska da duhu. Ku riƙa auna tazara da takunku har idonku ya saba, domin da asuba da almuru ido yana yawan yaudarar mutum.

Wajen saiti, mafi kyawun dama ita ce barewa ta tsaya ta ba ku gefenta. Ku bi bayan ƙafar gaba da ido zuwa sama, ku tsaya a kashi ɗaya cikin uku na tsayin ƙirjin daga ƙasa. Nan ne harsashi zai ratsa huhu biyu, wani lokaci har da saman zuciya, dabbar kuma ta faɗi cikin ɗan lokaci kaɗan. Idan ta ɗan karkata tana shirin ba ku baya, ku matsar da saitin baya kaɗan, kuna nufin ƙafar gaba ta ɗaya gefen. Idan kuwa ta fuskanto ku, ko ta juya muku baya gaba ɗaya, ko tana cikin gudu, ku sauke bindigar.

Harbin kai shi ne wanda na fi yi muku gargaɗi a kansa, domin na taɓa yinsa da nufin kada in ɓata nama. Ƙwaƙwalwar barewa ƙarama ce, kanta kuma ba ya zama wuri ɗaya. Wadda na harba ta ɗaga kai daidai lokacin da na ja kunama, harsashin ya fasa mata muƙamuƙin ƙasa, ta shige kurmi da gudu. Da na same ta bayan kwanaki a bakin ruwa, haƙarƙarinta duk sun fito, muƙamuƙin yana lilo, ƙudaje sun cika raunin, tana sunkuyar da kai ga ruwan amma ba ta iya sha. Har yau ba na iya tuna wannan ba tare da zuciyata ta ƙuntata ba, kuma ba na so ɗayanku ya ga irinsa ta dalilin hannunsa.

Kada ku harbi motsin ganye ko ƙarar taku. Sai kun ga dabbar gaba ɗayanta, kun tabbatar barewa ce ba mutum ko dabbar kiwo ba, kun kuma tabbatar ba uwa ce mai shayarwa ba, domin kashe ta kashe ɗanta ne da yunwa. Ku kiyaye lokacin da doka ta buɗe farauta, ku mallaki lasisi, ku bar haske dabba da fitila cikin dare, wanda ƙasashe da yawa suka haramta.

Bayan harbi, haƙuri ne aikin da ya rage, kuma a nan ma gaggawa ta sha jawo mini asara. Ku lura da inda barewar take tsaye da inda ta ɓace, sannan ku duba jinin. Jini mai haske da kumfa daga huhu yake, rabin awa ya isa ku jira. Jini mai duhu alamar hanta ce, yana buƙatar awa 3 zuwa 4. Idan kuwa kun ga ruwa mai kore-kore da guntayen ciyawa da wari, ko kun ga ta ƙudundune bayanta tana tafiya a hankali, tumbi kuka samu, sai ku janye ku ba ta awa 8 zuwa 12, domin dabbar da ba a kora ba takan kwanta a kusa, wadda aka tasa kuwa tana iya yin nisan da ba za a sake ganinta ba. Idan kun tarar da ita da sauran rai, ku gaggauta ƙarasa ta da harbi daga kusa ko da wuƙa mai kaifi. Idan sawun ya ɓace, ku sa alama a wurin ɗigon jini na ƙarshe, ku riƙa zagaya shi kuna faɗaɗa da'irar, ku duba bakin ruwa da cikin duhuwar kurmi, ku kuma dawo da safe idan dare ya riske ku. In duk da haka ba ku same ta ba, ku lissafa ta cikin abin da kuka kashe, kada ku sake ɗora bindiga a kan wata a wannan fitar.