Idan Samfurin Inji Ya Daɗe Kafin Ya Harhaɗu

Duk wanda yake gina samfurin injuna a harshen Modelica, harshen kwamfuta da ake bayyana na'urori da lissafi a cikinsa domin a kwaikwayi aikinsu, ya san irin jiran da ake yi bayan an danna maɓallin farawa: kwaikwayon kansa daƙiƙu kaɗan yake ci, amma kafin ya tashi sai mutum ya zuba wa allo ido na tsawon mintoci. Masu koyo da yawa nan take suke ɗora wa kwamfuta laifi, su fara tunanin ƙara mata ƙwaƙwalwa. A ganina wannan gaggawa ce, domin abin da muke kira harhaɗawa, wato mayar da samfurin ya zama shirin da kwamfuta za ta iya gudanarwa, ayyuka ne da dama a jere, kuma sai an gano wanda ke cin lokacin kafin a san maganinsa.

A OpenModelica, manhajar kyauta da aka raino a Jami'ar Linköping ta ƙasar Suwidin, ana fara warware samfurin ne, a baje dukkan sassansa su koma dogon jerin jimlolin lissafi. Daga nan sai a tsara su, a gano wace jimla ce za ta fitar da wane adadi, sannan a rubuta su a harshen C, a miƙa wa gcc ko clang, manhajojin da ke fassara C zuwa harshen na'ura. Idan aka kunna zaɓin -d=execstat, manhajar za ta nuna lokaci da ƙwaƙwalwar da kowane mataki ya ci. Ni dai ba na taɓa komai a samfuri kafin na karanta wannan rahoto.

A samfuran da aka gina da ɗakin kayan MultiBody, wato tarin shiryayyun sassan inji na Modelica, galibi matakin tsakiya, na tsara jimlolin, shi ne ke da nauyi, kuma dalilin a fili yake. Kowace mahaɗa guda, wato wurin da sashe ke haɗuwa da wani, tana ɗauke da adadi 21: uku na matsayi, tara na fuskanta, uku na saurin juyawa, uku na ƙarfi, uku na ƙarfin murɗawa. Matuƙar sassan suna jere kamar rassan bishiya, manhajar tana bin su ɗaya bayan ɗaya ba tare da wahala ba. Matsalar tana kunno kai ne idan sassan suka zagayo suka rufe zobe, kamar yadda fistan da sandarsa da kuranshaf (sandar da fistan ke juyawa) da gangar inji suke haɗuwa. A nan motsin kowane sashe yana ɗaure da na sauran, don haka dole manhajar ta bi hanyar da Pantelides ya wallafa a 1988, ta gano sharuɗɗan da za a sake sarrafawa, sannan ta yi amfani da dabarar Mattsson da Söderlind ta 1993 wajen zaɓen adadin da za su wakilci halin injin. Kowane zagaye na wannan aiki yana haifar da sababbin jimloli, kuma a ƙarshe a kan sami manyan dunƙulen lissafi waɗanda sai an warware su tare.

Wanda yake son ganin haka da idonsa, ya buɗe misalai biyu da ke cikin ɗakin kayan, EngineV6 da EngineV6_analytic. Inji ɗaya ne, mai silinda shida da zobba shida, amma a na biyun an maye gurbin gaɓoɓin kowace silinda da haɗaɗɗiyar gaɓa mai suna JointRRP, wadda aka riga aka warware lissafin zobenta da hannu, saboda haka dunƙulen masu wuya suka kau. Idan kuwa zoben a shimfiɗe yake, wato duk motsinsa a fili ɗaya, wajibi ne a sanya RevolutePlanarLoopConstraint a madadin ɗaya daga cikin gaɓoɓin, in ba haka ba sharuɗɗan za su maimaita juna.

Akwai kuma zaɓen adadin hali, wanda mutane ke yawan bar wa manhaja. Idan ba ta sami tabbaci ba, takan tanadi zaɓi fiye da ɗaya domin ta riƙa sauyawa ana cikin kwaikwayo, wannan kuwa yana kumbura lambar da za a rubuta. Injiniya ya fi ta sanin injinsa: ya sanya StateSelect.always, wato umarnin a riƙa ɗaukar adadi a matsayin na hali koyaushe, a kan kusurwar kuranshaf da saurinta, magana ta ƙare. Kashe zanen motsi ta hanyar mayar da enableAnimation zuwa false shi ma yana rage kaya. Alamar Evaluate=true a kan tsawon sanduna tana ba da damar share duk lissafin da aka ninka da sifili, sai dai tana da farashi, domin duk lokacin da aka sauya wannan tsawo sai an sake harhaɗawa daga farko, abin da ba zai yi wa mai gwada ƙira iri-iri daɗi ba.

Idan rahoton ya nuna cewa matakin C ne ke jan ƙafa, a nan ne yawan cibiyoyin na'ura ya fi yin tasiri. A lokacin da ake gyare-gyare, a sauke matakin ingantawa, wato gyaran da gcc ko clang ke yi wa lambar don ta yi sauri, zuwa -O0, a bar harhaɗawar ta gudana a kan dukkan cibiyoyin na'ura lokaci guda, a kuma duba ko manhajar kariya daga ƙwayoyin cuta ta Windows tana tsayawa bincikar kowane fayil da aka rubuta a jakar aiki. Sai ƙirar ta zauna, za a yi dogon kwaikwayo, sannan a mayar da ingantawar zuwa -O2.